Ƙaiƙayin Inna Safara'u

Mujitaba ya kusa janye sunansa daga tseren keke na jiha. Kullum yakan bar Ƙafin Maiyaki da iska a bayansa, a dawowa kuma ta tare shi, ya iso gida yana tura keke.

Wata safiya ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Safara'u, tana sheƙar dawa. Ƙaiƙayin yana tafiya arewa.

"Matsa, kai da kekenka," in ji ta. "Ka tare min iska."

Ya dubi ƙaiƙayin, ya juya keken kudu, hanyar Tudun Wada. Zuwan ya sha wuya. A dawowa kuwa iska ce ta kawo shi har ƙofar gida, bai sauka ba.

Da yamma ya kira kocinsu ya ce a bar sunansa.