Shingen Layin Mama

Mai kemis ya daɗe yana faɗa cewa in ƙanwarsa Auta ta kafe, ko jaki sai dai ya sara mata. A ofishin tsara birni take aiki, kuma duk ƙasar da ke neman wurin gina ofishin jakadanci wajenta ake turowa. Abokan aikinta a kan taswira suke zaɓen fili, suna zaune ƙarƙashin fanka. Ita kuwa sai an tafka ruwa take zura takalmin roba ta fita. Ta sauka a tashar bas, ta taka da ƙafa har filin kamar mai zuwa neman biza, ta ga inda ruwa ke kwanciya, ta zagaya baya ta duba ko akwai hanyar fita ta biyu. A gida yana yi mata tsiya, wai ta yi karatu ta ƙare a taɓo. A kemis kuwa, duk wanda ya zo sayen maganin tari sai ya sha labarinta.

To, sai ga wata ƙasa ta zo neman wuri. Filin kan tudu hanyarsa ɗaya ce, in tirela ta mace a kwana jakada ya zama ɗan kurkuku. Na bakin rafi kuma kwaɗi sun riga kowa. Saura tsohuwar maɗaba'a, busasshiya ƙayau, ga titi gaba ga titi baya. Matsalar ita ce a layin da Auta da yayanta suka tashi take, jifa kaɗan daga gidan Mama.

Kowa ya san abin da ofishin jakadanci ke zuwa da shi: shingen kankare da masu gadi, mota ba ta wucewa. Mama kuwa gwiwoyinta sun gaji. Har bakin ƙofa tasi ke ɗaukar ta zuwa asibiti, nan ma sai an tallafe ta.

Mai kemis ya rufe shago da rana tsaka ya same ta a ofis, takalmin robar na jingine a bayan ƙofa.

"Auta, ki ce ruwa na kwanciya a maɗaba'ar nan. Wa zai je ya duba?"

"Yaya, na tsaya a wurin ana ruwa. Ko tafin ƙafata bai nutse ba."

"To ki ce hanya ɗaya ce."

"Biyu ce. Kai ka koya mini keke a ta bayan."

"Haba! Uwarki fa ake magana, ba uwar jakada ba."

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sauke shi ba. Ya fita ya buga ƙofa. Yana tafe yana jin haushinta, yana kuma jin haushin kansa, don ya san da ta amsa masa da ta faɗi a idonsa.

Aka zaɓi maɗaba'a. Masu tsaron jakadan suka so a toshe layin gaba ɗaya. Auta ta hana su sakat, yau taro gobe taro, har ta sa aka juya babbar ƙofarsu ta kalli titin baya, suka yarda a toshe ɓangare guda kawai, daga maɗaba'ar zuwa bakin layin. Da mai kemis ya ji haka sai ya ce madalla, ashe yarinyar da dabara take. Sai daga baya ya tuna abin da ke ɗaya bakin layin: asibitin haihuwa, inda motoci ke shigowa a guje da mata a kwance a kujerar baya. Bai ma tambaye ta ba. Ya riga ya san bakin da ta bari a buɗe, kuma ba na gidan Mama ba ne.

Mama ta daina ɗaga wayarta. In Auta ta zo gaisuwa, sai ta juya fuska bango ta ce barci take ji. Mai kemis ya zama ɗan aike tsakanin uwa da 'ya, aikin da ba lada sai zafin kai.

Ranar farko da Mama za ta asibiti bayan an kafa shingen, tasi ta tsaya can nesa, bayan kankaren. Mai kemis ya zo da kujerar guragu daga shagonsa. Mama ta harare ta, ta ce da ranta ba za a tura ta kamar buhu ba. Ta ɗauki sandarta. Suna fitowa suka tarar da Auta tsaye a ƙofa, ta baro aiki. Ta miƙo hannu, Mama ta kama ba tare da ta dube ta ba.

Tafiyar ta yi tsawo. Mama na taku tana nishi, maƙwabta sun fito sun zuba ido. Mai wanki da guga, wanda shingen ya kore masa masu mota, ya ɗaga murya:

"Sannu Mama. Haihuwa mai rana! Ka haifi ɗa ya toshe maka hanya."

Mama ta tsaya cak, ta nuna shi da sanda.

"Kai, matarka a ina ta haihu bara? Ta wace hanya aka kai ta? 'Yata ce. In zagi ne, ni zan zage ta, ban ba kowa aro ba."

Mai wanki ya koma kan gugarsa. Mai kemis ya ji alfahari da su duka biyun, ya yi kamar ƙura ce ta shiga idonsa.

Suka ci gaba. Sai da suka kusa kankaren Mama ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kar ki ɗauka na huce."

"Na sani, Mama."

"To riƙe ni da kyau."