Sif Mai Ƙofa Shida

Uwar amarya ce ta kafe: sif mai ƙofa shida, daga bango zuwa bango, ko a fasa. Haka aka yi wa babbar 'yarta, kuma a Iskandariyya ba a kai ƙanwa ɗaki da abin da bai kai na yayarta ba, sai dangi su cinye mutum da baki.

Inshira, wadda duk layin ke kira Ummu Midhat, ta ce ta ji ta gani. Sai da ɗanta Midhat ya shekara talatin da huɗu kafin ya samu mai sonsa, ba za ta bari katako ya kashe maganar ba. Ta bar wa ango da amarya babban ɗakinta a hawa na farko na benensu mai hawa bakwai, ta kira Usta Shahata kafinta.

Usta ya ja tef ɗin awo, ya ja tsaki.

"Ummu Midhat, biyar za ta ci. Kin ga ginshiƙin nan da ya turo ciki a kusurwa? Shi ya cinye mana ɗani guda."

"Biyar? So kake matar nan ta kwashe 'yarta?"

"To a rage faɗin ƙofofin mana."

"Da tef take yawo a jaka, Usta. Ba ka san ta ba."

Ya kurɓi shayinsa, ya daki ginshiƙin da tafin hannu. "To sai mu yi masa aski. Ɗan gefe kawai. Rabin gidajen unguwar nan ni na aske su, wanne ya faɗi?"

Kada wani ya ce ba ta sani ba, ta sani sarai. Wa bai sani ba, a garin da in ruwan saman lokacin sanyi ya kankama ake kwana da fargabar tsofaffin benaye? Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Yi, sai dai kada maƙwabta su san me ake yi."

Simintin bai ma yi gardama ba, ya dinga zubowa kamar busasshen burodi. Rodin da ke ciki duk iskar teku ta cinye shi, ja wur da tsatsa. Usta ya yanke guda uku, ya rufe wurin da katako. Sif ta zauna daram, da madubi, da wurin rataye riguna, da kantocin barguna har sama. Wallahi ta yi kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Ranar jere da safe Inshira ta shiga goge ƙura, sai ƙofa ta shida ta ƙi rufuwa. Jiya fa lafiya lau take. Ta duƙa, ta ga yashi a kantar ƙasa. Ta share, ta je ta ɗora wake a wuta, ta dawo. Wani yashin ya taru. Ta kara kunne a jikin katakon, ta ji ƙas, ƙas, a hankali, kamar ana ɓare gyaɗa a cikin bango.

Ta kira Usta a waya.

"Haba Hajiya, katako ne ya sha iska. Goga masa sabulu."

"Yashin fa? Usta, yashin fa?"

Ya kashe. Da ta sake kira, wayar a rufe take.

Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Awatif ce, maƙwabciyarta ta hawa na huɗu, da gyale a karkace.

"'Yar'uwa, Midhat na nan? Ƙofar ɗakin maigidana ce ta cije, na yi na yi ta ƙi buɗuwa. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya tashi, ga shi bai sha magani ba. Abin mamaki, har bangon ya tsage."

"Ya je tarbo baƙi. In ya dawo zan turo shi."

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Tsoro biyu ne suka taru a kanta. In ta yi magana, aure ya mutu, 'yan sanda za su zo, gida goma sha huɗu za su kwana a titi suna tsine mata. In ta yi shiru fa? Awa uku kawai, ta ce wa kanta. A gama jere, a watse, gobe ta nemo injiniya a ɓoye. Benen da ya shekara hamsin a tsaye ai ba zai rasa awa uku ba.

Guɗa ta tashi daga titi. Ta leƙa ta taga: mota biyu, mata sun fi ashirin, da akwatuna da katifu da tukwane, yara na tsalle a tsakaninsu. Dukkansu ɗakin nan za su shigo. A bayanta tayil ɗaya ya yi tau, ya fashe shi kaɗai ba wanda ya taka.

Ba ta san lokacin da ta kai matakala ba, ko takalmi babu.

"Ku koma! Kada wanda ya hau! Jama'ar gida, ku sauko, benen zai rufta! Ku sauko don Allah!"

Guɗa ta koma ihu. Ƙofofi suka buɗe, aka yi ta gangarowa da jarirai a kafaɗa, wata da ludayi a hannu. A bakin ƙofar gidan Midhat ya riƙe ta.

"Mama, me ya faru? Wa ya ce zai rufta?"

"An yanke ginshiƙi."

"Wa ya yanke?"

"Ni na sa."

Kafin ya ce wani abu Awatif ta faɗo a kansu tana dukan ƙirji. "Maigidana! Yana ciki, ƙofar ta ƙi!"

Inshira ta damƙe rigar ɗanta da hannu biyu. "Ba kai ba. A jira 'yan kwana-kwana. Midhat, na roƙe ka, ba kai ba."

"Don ɗakina aka yanke, Mama."

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi ƙarfen ɗaga taya a hannun direba, ya shige. Maza suka janye ta zuwa tsallaken titi. Tana jin takunsa a matakala, hawa na biyu, na uku, sannan ta daina ji. Gilashin tagar ɗakin amarya ya tsage daga sama har ƙasa, layin ya yi tsit. Ita kaɗai ce ke kiran sunansa.