Kofur Haggai Bai Taɓa Gajiya Ba

Kofur Haggai ya yi faretin tsakar rana, ya kwana a rami ruwan sama na dukansa, amma bai taɓa zama gaban abin da ya sa tafin hannunsa gumi irin kwamfutar shagon Nkiruka ba. Aiki yake nema. Wani kamfanin sayen hatsi ya buɗe ma'ajiya a hanyar Mahuta, ana son shugaban masu gadi, kuma wai kafin a ga fuskarka sai ka amsa tambayoyin hali ta intanet. Hali fa! Mutumin da duk Zuru ta san halinsa, yau na'ura ce za ta auna shi.

Ba son kwamfuta ne ya kawo shi ba. Da ya ajiye kaki ya koma gonarsa ta Kanya, sai 'yan bindiga suka hana noma, ya dawo gari ya zauna haka nan. Wani tsohon sajensa ya samo masa gadi a Legas, kuma motar Asabar zai bi in wannan bai yiwu ba. Matarsa Rachael ba ta ce kada ya tafi ba. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana jiransa daga wannan bariki zuwa wancan, wanke jakar tafiyarsa kawai ta yi, ta shanya a igiya. Ganin jakar nan tana ɗiga a tsakar gida shi ya turo shi shagon.

Nkiruka 'yar Ibo ce da ta tashi a bayan kasuwar Zuru, Hausa a bakinta tamkar ta gado. Ta buɗe masa shafin, ta tsaya a kansa.

"Oga Soja, ka ji ni da kyau. Mutane da yawa sun yi wannan a nan. Ba a cin sa da wayo. Abin da ke ranka shi za ka danna, don na'urar nan tana kama mai gyara magana."

"Na yi miki kama da maƙaryaci?"

"Ni ban ce ba."

"To matsa."

Ta matsa. Tambayoyin da Turanci suke, amma Turancin bariki ya ishe shi. Za a rubuta magana, kai kuma ka zaɓa, daga na yarda ƙwarai har zuwa ban yarda ba sam. Na farkon ba wuya. Yana zuwa aiki a kan lokaci? Ƙwarai. Yana kiyaye kayan da aka ba shi amana? Ƙwarai. Har ya fara gyara zama, sai ga wata ta fito: wani lokaci nakan ji na gaji da aiki.

Haggai ya ja tsaki. Wa ake tambaya haka? Shi fa golmo ya yi kafin a ba shi Rachael, noman nan da samarin ƙasar Zuru ke yi a gonar suruki shekara da shekaru. Tun rana ba ta fito ba suke kama garma a gindin dutse, su ne har yamma, tsoho na zaune a inuwa yana kallon bayan kowa. Wanda ya dafe ƙugu a gaban suruki, 'yan mata sun samu waƙar shekara. In aka ce maka ina gajiya, ko hannunka na zubar da jini, amsa ɗaya ce. Da ya shiga soja ma ita ya tarar. Ya danna ban yarda ba sam.

Sai aka kawo labari. Wai abokin aikinka ya saba barin aikinsa rabi, kai kake ƙarasawa. Za ka kai ƙara wurin manaja, ko ka zaunar da shi ku yi magana, ko ka ci gaba da yi ka yi shiru? Haggai ya tuna Ebenezer, abokin golmonsa mai ciwon ƙirji, wanda kullum kunyar da yake nomawa ke zama a baya. Su kan ƙarasa tasu su juyo su haɗe masa, kuma har Ebenezer ya auri matarsa surukinsa bai sani ba. Kai ƙara? Haba! Ya zaɓi shiru.

Haka aka yi ta tafiya, tambaya ɗaya ana sauya mata riga ana dawo da ita. Ka taɓa jin haushin shugabanka? Fuskar wani kyaftin ta faɗo masa, wanda ya hana shi hutu lokacin da aka haifi 'yarsa Glory. Amma wannan maganar ciki ce, ba a zube ta gaban baƙo. Sam. Ka taɓa yin gunaguni? Sam. Bayansa ya ƙage, idonsa na yaji, ga ƙarar janareto a ƙeya. Can wajen ƙarshe wata ta ce: akwai safiyar da nakan so in ƙi tashi. Nan yatsansa ya ɗan tsaya, don safiyar ranar ma sai da ya daɗe yana kallon rufin kwano kafin ya sauko da ƙafa. Nkiruka ta leƙo ta buɗe baki, ya harare ta, ta rufe. Ya danna sam.

Ranar Juma'a aka kira shi ma'ajiyar. Ya goge riga, ya shafa wa takalmi mai, ya hau acaɓa. Wadda ta karɓe shi Malama Bilki ce, jami'ar ɗaukar ma'aikata da aka turo daga Birnin Kebbi, mace mai sanyin murya wadda ita ma da ganinta ta kwana biyu ba ta huta ba.

"Kofur, takardunka sun fi na kowa, manaja ma kai yake so," in ji ta. "Amma gwajin ya sa maka jan layi."

"Na faɗi ke nan, ranki ya daɗe?"

"Ba faɗuwa ba ce. Akwai tambayoyin da ake sawa don a gane mai ƙawata kansa. Wanda ya ce bai taɓa gajiya ba, bai taɓa fushi ba, na'ura sai ta ɗauka yana ɓoye wani abu. Ta ce ba za a dogara da amsoshinka ba. Ga tambayar abokin aiki kuma, mai gadin da zai rufa wa na ƙasa da shi asiri ba shi kamfani ke nema ba."

Ba za a dogara da shi ba! Maganar ta soke shi ƙwarai. Mutumin da aka bar wa makullin ɗakin makamai. Ya zauna tsaf, hannuwa a gwiwa.

Bilki ta rufe kwamfutarta ta dube shi. "Akwai hanya ɗaya. In na rubuta wa hedikwata cewa na tattauna da kai, ka gane inda ka kuskure, za su bari ka sake. Amma sai na ji daga bakinka, don ni ma ba zan rubuta abin da ban ji ba. Tsakaninka da Allah, Kofur, ba ka taɓa gajiya ba?"

Wallahi ya so ya faɗa. Maganar ta taso tun daga ƙugunsa mai ciwo, ta biyo ta ƙirji, ta zo maƙogwaro. Ya tuno jakar nan a igiya. Amma ga baƙuwa a gabansa, mace, babba a ofis, tana kallon bayansa yadda tsohon nan ke yi daga inuwa. Kafin ya ankara ƙafafunsa sun haɗe, kafaɗa ta miƙe, bakin ya yi abin da ya saba.

"Ba gajiya, ranki ya daɗe."

Ta jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Ta sauke numfashi, ta ce Allah ya ba da sa'a a gaba, ya ce amin, ya gode mata har da rusunawa.

Bai hau acaɓa ba, da ƙafa ya taka har gida, rana na dukan ƙeyarsa. Rachael na zaune a ƙofar kicin tana tsince wake. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ajiye faranti, ta shiga ɗaki ta fito da jakar, ta fara ninke rigunansa a kan tabarma.

"Sannu da dawowa, Baban Glory," ta ce, idonta na kan kaya. "Ina gajiya?"

Ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya kwance igiyar takalmi ɗaya, ya kasa kai hannu ga ɗayan.

"Akwai," ya ce. "Rachael, na gaji. Tun a gonar babanki na gaji."

Hannunta ya tsaya a kan rigar. Tunda take da shi ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ta matso ta durƙusa, ta kwance masa ɗaya takalmin.

"Ai na sani," ta ce a hankali. "Ni nake kawo muku ruwa."

Sannan ta koma kan tabarma ta ci gaba da ninki, don motar Legas da sassafe take tashi.