Gahawar da Ta Sha Daddawa

Tun da gwamnati ta rushe hukumar sayen amfanin gona, gahawar tsaunin Mambila ta zama marainiya. Dillali ɗaya ke hawowa bisa babur, ya yanka farashin da ya ga dama, ya tsallaka da kaya Kamaru. Ɗanjuma, ɗaya daga cikin manomanta, ya gaji. Ya kira wansa Halliru a Birmingham, ya ce da ruwan fari ya sauka zai sare itatuwan da mahaifinsu ya dasa, ya shuka masara.

"Ba ni wata biyu," in ji Halliru. "Mutanen nan shan ta suke kamar ruwa. Zan samo maka mai saye, ba dillali a tsakani."

Lokaci kam yana da shi, don hukumar gari ta rufe laburaren da yake gadi. Ya tattake titin Stratford Road shago shago, kowa ya ce daga kamfani yake sarowa. Da ƙyar aka kwatanta masa wata mata a Manchester, Eli, mai sayen gahawa daga hannun manoma.

Matarsa Murja ce ta dawo daga gida Mambila da samfurin, mudu biyu, ragowar abin da dillali bai kwashe ba. Saboda darajarsa ta sa shi can tsakiyar akwati, ta kewaye shi da ƙullin daddawa kada ya fashe.

Halliru ya kai wa Eli samfurin. Bai taɓa ganin sana'a irin tata ba. Ta gasa, ta niƙa, ta jera kofuna biyar, ta sunkuya a kansu kamar mai sauraron sirri. Ta ɗebo da cokalin azurfa, ta zuƙa da ƙara, sannan ta tofar cikin gwangwani. Tofin nan, a fuskarsa ya ji shi. Gumin ubansa ke nan a gwangwani.

"Me aka ajiye kusa da ita?" ta tambaya.

Ya sunkuya ya sansana kofi ɗaya. Shi ma warin ya iso masa, warin miyar gidansu.

"Ɗanyar gahawa tana shan duk abin da ta kwana da shi," in ji ta. "Can ƙasa ina jin wani abu kamar lemo da zuma. Amma ba na saye da zato. Kawo mini wani samfurin."

"Sai kaka mai zuwa."

"To, sai kakar."

Yana jiran bas a unguwar Moss Side ta Manchester ya kira ƙanensa.

"Yaya, ta saya?"

"Ta ce akwai zuma a ciki, wallahi. Ka ƙara mini shekara ɗaya kawai."

Ɗanjuma ya yi dariyar da ba daɗi. "Zuma! Yarana za su ci zumar Baturiya? Jiya hadari ya haɗu, Yaya. Na riga na wasa gatari."

Da ya koma Sparkhill, unguwarsu a Birmingham, Murja ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, yaya? An zama ɗan kasuwa?"

Ya dubi hannuwanta, waɗanda suka yi ɗawainiyar akwatin tun daga garinsu Gembu. Ya ce, "Gahawar ba ta yi musu ba."

Ya soya ragowar a kaskon tuya, ya daka a turmi, ya dafa. Ya zauna yana kurɓa a hankali, yana laluben zumar nan da harshe. Har kofin ya ƙare, daddawa kawai ya ji.