Layar da ke ƙarƙashin kafireta

Shekara biyu da samun mulkin kai, wata 'yar jar mota marar rufi tana ajiye a garajin gwamnati na Dogon Dutsi, ba mai son wucewa kusa da ita. Wani Bature mai aikin gona ne ya bar ta da zai koma ƙasarsu, Tukur mataimakin kumandan gari, wanda ake ce wa Mushe Tukur irin kiran Faransawa, ya gaje ta. A cikinta Ja'afaru ya mutu.

Ja'afaru bakanike ne, ɗan Altine mai sayar da daddawa, shi kaɗai gare ta. Motar kafireta biyu gare ta, wato maƙogwaro biyu da inji ke shaƙar iska da mai ta cikinsu, kuma duk Arewa shi ne ya iya daidaita su. Ran Juma'a ya gyara ta, ran Asabar ya ɗauki Tukur zuwa Kiéché. A gangara motar ta ƙi sassautawa, ta kife. Tukur ya fita da karaya a hannu, ya shiga ofis ya sa aka rubuta cewa Ja'afaru ya yi aikin banza, kuma a buge yake. Yaron da ko goro bai ci. Haka aka rubuta, haka gari ya ɗauka, har a rijiya ana nuna Altine da baki.

Ta je ofis sau shida. Ba ta san baƙi ba, amma ta ce a goge wannan takarda. Sau shida ɗan sandan ƙofa yana ce mata ta yi haƙuri. Masu shara kuwa suna cewa in rana ta take suna jin motar tana numfashi ita kaɗai, wai aljana doguwa ce ta zauna ciki.

Da Altine ta ji Tukur ya kawo wani bakanike daga Dosso mai suna Issa, ta rufe kwandon daddawarta ta tafi. Ta tsaya a bakin inji, aka ce ta matsa, ta ce sai dai a ɗauke ta.

Issa ya miƙe abin da ya lanƙwashe, ya tayar da mota. Sai ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta ta gaba, sannan ta baya. Ya bayyana wa Tukur cewa sai shaƙar biyun ta zo daidai, in ɗaya ta fi ɗaya inji zai yi ta rawa. Ya murɗa sukuru, ya saurara, ya sake murɗawa. Ta gaba ta bi hannunsa. Ta baya kuwa sai huci take kamar wanda aka biyo da gudu, ya sassauta sukurun har ya kusa fita, ba ta lafa ba. Ma'aikatan garaji suka fara ja da baya. Wani ya ce a hankali ita ce, doguwar.

Tukur ya ce a kashe motar, gobe a ci gaba.

"Ba gobe," in ji Altine. "Issa ɗana, sa hannunka ƙasa ka duba mini. Ɗana bai taɓa barin ta tana wanga huci ba."

Issa ya kashe inji, ya bari ya huce, ya zura hannu ƙarƙashin sandar ƙarfen da ke haɗa kafiretocin biyu da totur. Ya daɗe yana lalube. Abin da ya ciro laya ce, ɗinkin jar fata, igiyarta ta bushe ta ƙandare don zafi. Ta zame ta maƙale a gindin sandar, ta hana kafireta ta baya rufewa. Ya ce ko wa ke tuƙi, in wannan ta maƙale, ɗaga ƙafa daga totur ba zai yi masa amfani ba.

Ba wanda bai gane ɗinkin ba. Irinta biyu suna ɗaure a damtsen Tukur, ana ganin su ta hannun riga.

"Mushe Tukur, wa ya ɗaura ta?" in ji Altine.

Ya kira ta Inna, ya ce ta zo ofis su yi magana.

"Ofis na tahi sau shida. Nan za ka hwaɗi, gaban waɗanga da suka wanke gawar ɗana."

Ya dubi ƙasa. Ya ce an gaya masa motar Bature ba ta rasa aljanu, shi ya sa ya karɓo layar, ya ɗaura da kansa da safiyar Asabar, inda Ja'afaru ba zai gani ya yi masa dariya ba. Ta tambaye shi ko yaron ya sha wani abu. Ya ce bai sha ba. Ta sa ya maimaita da ƙarfi, har mai gadi ya ji daga ƙofa, sannan ta ce akawu ya zo da takardar nan yanzu.

Kafin akawu ya iso, Issa ya sake tayar da mota. Murɗa biyu, inji ya kwanta lafiya. Ya miƙa wa Altine tiyon. Ta sa a kunne, ya kai mata bakin ta gaba, sannan ta baya. Ɗaya suke, a hankali, kamar mutum mai barci a ɗaki na kusa.

Akawu ya zo da takarda da alƙalami, ya tsaya yana jira. Altine ba ta cire tiyon daga kunnenta ba.