Ɗakin da Auta Ya Shafe wa Mama

Tun da Autanmu ya zama Dakta ba a sake yin hirar mutane da shi ba. Ka tambaye shi ya iyali, ya ɗauko maka labarin ƙwayoyinsa. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin roba ne kamar garin sukari, kowace da kakin kyandir a cikinta. Wai in zafi ya taso, kakin ya narke ya shanye shi, in gari ya huce ya daskare ya amayar. Kai, ilimi ya yi rana!

Sai dai wurin aikinsa sun gaji da gafara sa. Suka ce ko dai ya nuna wa wani kamfanin gini cewa abin yana aiki a ɗakin da mutum ke kwana, ko su rufe ɗakin gwajinsa ya nemi wata sana'ar. Ni da nake babbar yayarsa ko shawara ba a yi da ni ba, sai ganin magini na yi yana kwaɓa garin a filasta, yana shafe ɗakin Mama. Har fanka aka cire, wai za ta ɓata awo.

Gaskiya da rana ɗakin sai ka ce cikin randa. Amma su Dakta, can a ɗakin gwajinsu ana tashi daga aiki kowa ke jan ƙofa ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga inda zafin ke zuwa in an amayar da shi. To, kan Mama yake sauka, daidai lokacin kwanciya.

Wata safiya na ga wuyanta duk ƙurajen zafi. Raina ya ɓaci.

"Mama, ki gaya masa mana!"

"Ke dai ba ki da aiki," in ji ta. "Bar min yaro ya ji da abin da ke gabansa."

Yaro! Mutum da furfura a gemu.

Mutanen kamfani suka zo da tsakar rana, suna shafa bango suna gyaɗa kai. Auta na gefe yana ta bin fuskokinsu da kallo, har ya ba ni tausayi. Shugabarsu ta rusuna ta ce, "Mama, ya barci a ɗakin nan?"

Mama ta ja gyale ta rufe wuya. "Barci? 'Yar nan, har makara nake yi."

Aka tafa. Shugabar ta ce sun amince, sai dai sharaɗi ɗaya: Mama za ta ci gaba da kwana a ciki har lokacin zafi ya wuce, taga a rufe, don awo ya fita daidai.

Auta ya juyo, baki har kunne. "Mama, za ki iya ko?"

Na buɗe baki, Mama ta take min ƙafa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Me zai hana, Auta?" ta ce. "Kai dai ka riƙe aikinka."