Motar Gawa a Ruwan Kokomlemle

Motar gawa ta masallacinmu nake tuƙawa a unguwar Nima, nan Zango. Tsohuwar farar bas ce, an cire kujerun baya an sa makara, an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un da koren fenti a kowane gefe. Kafin ita na yi yaron trotro, wato bas ɗin haya, na yi gyaran waya a Circle, na sayar da takalman gwanjo, babu inda na daɗe. Wannan aikin kuwa ba mai neman ƙwace mini shi. Ko direbobin da muke shan shayi tare, in na faka kusa da su sai ka ga sun matsar da motocinsu.

Ranar nan bayan la'asar muka baro maƙabartar Awudome, ni da Baba Garuba. Shi ne mai wankan gawa a unguwarmu, mutumin Nijar ne, siririn tsoho da ba ya son a kunna rediyo. Cikin sauri aka rufe dattijon da muka kai, domin hadari ya riga ya haɗu, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. 'Yan rakiya suka watse, kowa ya yi ta kansa.

Kafin mu kai Circle ruwan ya sauko. Abin goge gilashi ɗaya ne ke aiki a motar, sa'ata dai na gefena ne. Cikin ɗan lokaci titi da gota suka zama abu guda, jan ruwa mai ɗauke da robobi da ledoji da sharar da mutane ke jiran damina su zubar. Na bi tsakiyar hanya ina kallon fitilun trotron da ke gabana. In ya faɗa rami, ni na tsira.

"Bi a hankali, Izzuddeen," in ji Baba Garuba. "Ba mu da fasinja mai gaggawa."

"Baba, fasinjojinmu ba su taɓa gaggawa ba. Ku ne masu gaggawar."

Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Da muka fara hawan Kokomlemle sai na ga ɗanyen ganye a kan titi, reshe bayan reshe, ruwa na ja da su. Duk direba ya san abin da ganye ke nufi: akwai abu a gaba. Na rage tafiya. A kwanar da ke kusa da wani shagon sayar da taya na hangi babur kwance, gabansa ya lanƙwashe. Motar da ta buge shi ba ta nan. Mutane sun jeru a ƙarƙashin rumfunan shaguna, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, ba wanda ya fito cikin ruwan. A bakin gota akwai mutum kwance, an rufe shi da zanen mata tun daga kai har gwiwa.

Na yi niyyar wucewa. Na san yadda ake yi: ka taɓa, 'yan sanda su riƙe ka da tambaya har ka yi da-na-sani.

"Tsaya."

"Baba, maganar 'yan sanda ce wannan."

"Dubi ruwan, yaro."

Na duba. Gota ta cika ta tumbatsa, ruwa ya riga ya rufe ƙafafun mutumin, yana ɗaga su yana ajiyewa. In aka ƙara jira, sai dai a je neman sa a rafin Odaw cikin shara. Na faka.

Muna fitowa wata mata mai soya doya ta ɗora hannu a ka. "Awurade! Ya Ubangiji! Har sun zo ɗaukarsa." Waɗanda ke ɗauka da waya suka juyo da ita kan motarmu. Wani ya ce tun ɗazu bai motsa ba. Wani ya ce shi da idonsa ya ga kan ya bugi siminti. Ba wanda ya tambaye mu wa ya kira mu, mu ma ba mu tambayi wa ya duba shi ba. An rufe mutum da zane, ga motar gawa ta tsaya, magana ta ƙare.

Muna jawo makara sai ga babura suna isowa cikin ruwa, 'yan okada na mahaɗar Maamobi. Na gabansu Adisa ne, ƙato mai tabo a goshi, shi suke bi. Ya dubi babur ɗin da ke ƙasa, ya durƙusa ya ɗaga zanen kaɗan, ya saki.

"Shamsu ne," ya ce. "Cale, abokai, Shamsudeen ne. Ɗan Mma Sala."

Na san ta. Ita ke sayar da wake da shinkafa a bakin gotar Maamobi, kuma shi kaɗai ta haifa.

Muka ɗaga shi mu huɗu muka sa a makara. Baba Garuba ya shiga baya ya zauna kusa da shi kamar yadda ya saba. Gawar haɗari ba a kai ta gida, sai ɗakin ajiye gawa na babban asibiti, can muka nufa. Adisa ya share fuska da tafin hannu ya daka wa yaransa tsawa, "Ku hau! Mu raka ɗan'uwanmu."

Wanda bai taɓa ganin samarin Zango suna rakiyar gawa ba bai san abin da nake faɗa ba. Babura suka shiga gabana suka kewaye ni, fitilu a kunne, oda ba ƙaƙƙautawa, suna kabbara. Motoci sun cunkushe tun daga New Town saboda ruwa, amma sai yaran suka riƙa dukan jikin trotro da tafin hannu, suna tsayawa a tsakiyar mahaɗa suna tare hanya da jikinsu. Direbobi na ganin rubutun motata sai su hau gefen titi, wasu har da cire hula. Hanyar ta riƙa buɗewa a gabana kamar ana yaga ƙyalle.

"Izzuddeen."

Ban taɓa jin muryar Baba Garuba haka ba. Na dubi madubi.

Jiƙaƙƙen zanen ya manne a fuskar Shamsu, har kana iya ganin hancinsa da haɓarsa. A daidai bakin, zanen ya lotsa ciki. Ya tsaya. Sannan ya kumbura ya dawo.

Sitiyari ya kusa kuɓuce mini.

Baba Garuba ya yaye zanen, ya sa kunne a ƙirjinsa, ya cire rawaninsa ya danne gefen kan inda jini ke fita. "Da ransa. Allahu akbar, da ransa. Amma numfashin ya yi nisa. Sauke gilashi ka gaya musu."

Na kai hannu kan gilashin, sai na tsaya.

Na san yaran nan, tare muka tashi. In na ce yana da rai, nan take za su taka birki su yo kan motar. Wannan ya ce a fito da shi daga motar gawa kada ta ja shi, wancan ya ce a ɗora shi a babur, wani ya ce a yayyafa masa ruwa, kowa na son ya gani da idonsa. Motocin da suka kauce su dawo su rufe hanyar. Na sha ganin mara lafiya a bayan tasi, ɗan'uwansa na kaɗa ƙyalle ta taga yana roƙo, ba mai matsawa. Gawa ake ba hanya a garin nan.

"Ba zan faɗa ba, Baba."

"Me ka ce?"

"Sai mun isa."

"Yaro, ba a wasa da wannan. Mutum na numfashi kana barin a yi masa kabbarar gawa? Mutuwa kake kira masa."

"Ku dai riƙe kansa."

A gefen tagata Adisa na tuƙi da hannu ɗaya, ya cusa waya a ƙarƙashin hularsa ta kwano yana magana da ƙarfi. Ruwa bai bar ni na ji duka ba, amma na ji "Maamobi", na ji "ku je wurin Mma", na ji "sai haƙuri". Tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba. Da na buga gilashi zai juyo. Na ƙura wa hanya ido na ƙara wuta.

Baba Garuba ya koma yi wa Shamsu magana, ƙasa-ƙasa, irin yadda yake yi wa waɗanda yake wankewa. "Sannu, ɗana. Sannu. Kada ka yi nisa." Wani sauti ya fara fitowa daga maƙogwaron yaron, kamar ana jan ruwa da tsinken roba a gindin kofi. Duk ramin da na faɗa sai sautin ya ɗauke, ni ma in riƙe nawa numfashin har sai ya dawo. A wata gangara ruwa ya kai ƙofar mota, injin ya yi tari ya nemi mutuwa. Yaran suka diro daga babura suka tura mu da kafaɗa suna salati, suka fitar da mu.

A ƙofar asibiti maigadi ya ga motar ya ɗaga sanda tun kafin mu iso, ya nuna hagu, hanyar ɗakin gawa. Baburan duka suka yi hagu. Hannuna ma hagu ya fara juyawa, don nan ya sani. Na fizge sitiyarin na yi dama, na tsaya a bakin ɗakin gaggawa ina danna oda.

Ma'aikatan jinya biyu suka leƙo, suka ga rubutun, ɗaya ta yi mini nuni da hannu cewa ba nan ba ne. Sai da Baba Garuba ya buɗe ƙofar baya, kansa ba rawani, hannunsa duk jini, ya yi ihun da ban san yana da shi ba, sannan suka rugo da gadon turawa.

Adisa ya iso a guje daidai lokacin da ake shiga da Shamsu, an sa masa robar iska a hanci. Ya tsaya yana kallo baki buɗe. Sannan ya juyo kaina.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun New Town."

Ya shaƙe wuyan rigata ya haɗa ni da jikin motar. "Kwasiya! Wawa kawai! Kana kallona ina kiran gida! Kana kallona!"

"Da na faɗa, da yanzu muna can kuna gardama a kansa."

Ya ɗaga hannu, amma bai doke ni ba. Ya sake ni ya ciro wayar. Na ji shi yana cewa, "Yana asibiti, wallahi yana asibiti, bai mutu ba. Ku ba Mma." Ya saurara. Ya sake rantsuwa. Ya sake. Daga baya ya sauke wayar ya dubi Baba Garuba.

"Ba ta yarda ba. Ta ce in daina yi mata dabara."

Babu wanda ya yi mamaki. Haka muke yi a Zango. In ɗa ya mutu ba a gaya wa uwa kai tsaye, sai a ce yana asibiti, jiki ya yi zafi, a yi ta ja da ita har manya su zo su zauna. Kalmomin da Adisa ya faɗa su ne dai ake faɗa. An ce an riga an fito da benci a ƙofar gidan, mata sun cika ɗakin, ita kuma ta daina kuka, tana zaune tana kallon bango.

"Ni zan je," in ji Baba Garuba. "Ba ta taɓa jin na yi ƙarya a kan mutuwa ba."

Babu tasin da zai shiga Maamobi a wannan ruwan, tsohon kuma ba ya hawa babur. Na tayar da mota.

Ana kiran magariba muka shiga layin. Ba fitila, wuta ta ɗauke. Mazan da ke kan benci suka miƙe da ganin motar, daga cikin gida kuka ya tashi sabo. Mai wankan gawa ya sauko da jini a hannun riga ya shiga. Ni na zauna a mota, injin na aiki, ina tunanin ko abin da ya shiga faɗa har yanzu gaskiya ne.

Mma Sala ta fito da mayafi a karkace, ba takalmi. Ta tsaya ta karanta rubutun jikin motar har ƙarshe. Na buɗe mata gaba, ta wuce ni ta shiga baya, ta zauna a ƙasa kusa da makarar, ta ɗauki jiƙaƙƙen zanen ta riƙe. Haka ta riƙe shi har muka isa asibiti.

Ta gilashi aka bar ta ta gan shi. An naɗe kansa, an jona masa robobi, likita ya ce ba zai yi alkawarin komai ba sai an kwana. Mma Sala ta manna goshi a gilashin. Ƙirjin ɗanta ya ɗaga, ya sauka. Ta jira ya sake ɗagawa, ya sake, ta daɗe a haka.

Sannan ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, Mma."

"Allah ya yi maka albarka. Yanzu ka ɗauke motar nan ka kai ta nesa. Kada ta kwana a asibitin nan."

Na fita. Ruwan ya koma yayyafi. Na buɗe baya na ga jinin da ya taru a ƙarƙashin makarar, na rufe, na ja motar na fice ta ƙofar da muka shigo.